Ɗan Shila Mai Ruwan Ɗorawa

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidanmu na Gummi, ko da ba wanda ya taɓa faɗa muku shi a gabana: wai akwai shekarar da aka tuhumi Yaya Garba da sata, aka kira ni shaida, na ƙi tsaya masa. Waɗanda suka san maganar da kyau yawancinsu sun rasu, waɗanda suka rage kuma kowa da yadda yake tuna ta. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda na san abin ya faru, gwargwadon abin da ƙwaƙwalwata ta riƙe. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, soja kuma suna shirin sauka. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Anka, ina zuwa gida Gummi ƙarshen mako idan mota ta samu. Yaya Garba shi ne babba a ɗakinmu, kuma mai awo ne a kasuwar shinkafa. Ya kamata ku fahimci wannan sana'a, domin ita ce zuciyar labarin. Mai awo ba shi da shago, ba shi da haja. Tiya ce kawai a hannunsa da tabarma. Manomi ya kawo buhunsa daga fadama, ya ajiye a gabansa, ya tafi sayen gishiri ko gyaran keke, ya dawo ya karɓi abin da aka ce masa an samu. Mata da ba sa fita kan aiko da shinkafar da suka gyara ba tare da sun san nawa ce ba sai abin da ya faɗa. Duk jarinsa yarda ce. Ranar da mutane suka fara tambayar kansu ko hannunsa na da tsabta, ranar sana'ar ta fara mutuwa, ko da ba wanda ya kama shi da ƙwayar shinkafa ɗaya.

Bayan kasuwa ba abin da Yaya yake so kamar tantabara. Ya gina musu ɗaki a bayan gida, ya jera tsofaffin tukwane a bango suka zama sheƙa. A shekarun nan ne wani iri ya shigo garin, waɗanda idan sun yi sama sai su kife da baya su mirgino kamar an jefo ƙwallo, sannan su ware fukafukai su koma cikin 'yan'uwansu. Mutanenmu na ce musu 'yan alkafura. Masu kiwonsu ba su da yawa, duk sun san juna, kuma suna da wata al'ada da na jima ina ganin kyanta: bayan la'asar mai kiwo kan shiga ɗakin tantabarun ɗan'uwansa ba tare da an raka shi ba, ya sa hannu a tukunya, ya ɗaga ƙwai ya haska shi a rana, ya buɗe fiffiken shila ya duba launi. Hana mutum shiga ɗakinka abin kunya ne. Da kowa ya san kowa, ba a ga dalilin kulle ƙofa ba.

A cikinsu akwai Ɗanjummai, mai gyaran babur a bakin tasha. Shi ne ya sayo ma'aurata biyu daga Sakkwato masu launin da ba a taɓa gani ba a garin, ruwan ɗorawa tun daga kai har wutsiya, mace da namiji. Mutane kan je kallonsu kamar ana kallon sabuwar mota. Ya ƙi sayar da ko ɗa ɗaya. Sai wata rana ya wayi gari ƙwai ɗaya ya ɓace daga tukunyarsu. Ƙwai na ɓacewa a ɗakin tantabara, ɓera na ɗauka, maciji na sha, wani lokaci uwar ce ke ture shi ya faɗi kaji su cinye. Ɗanjummai bai tuhumi kowa ba a lokacin. Amma ya tuna cewa a yammacin da ya wuce Yaya Garba ya shiga ɗakin.

Yaya yana da wasu baƙaƙe biyu, baƙi wuluk, da ya samo namijin daga wani mutum a Bukkuyum. A daidai wannan tsakanin suka ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Ɗaya ya fito da gashin jarirai mai yawa kamar kullum, ɗayan kusan tsirara. Yaya ya ɗauka ciwo ne, har ya yi tunanin ba zai rayu ba. Da gashi ya fara tsirowa, na farkon ya zama baƙi, na biyun ya zama ruwan ɗorawa. Yaya da kansa ya ɗauke shi a tafin hannu ya fita da shi yana nuna wa mutane yana murna. Ina yawan tuna wannan, kuma na faɗa a lokacin, cewa ɓarawo ba ya yawo da abin da ya sata. Amma masu kiwo sun san cewa ana sa ƙwan wata a ƙarƙashin wata ta ƙyanƙyashe shi ta shayar, su ma duk suna yi, kuma ba wanda a cikinsu ya taɓa ganin baƙi da baƙa sun haifi ruwan ɗorawa. Kafin in zo gida a wannan makon, maganar cewa Yaya ya saci ƙwan Ɗanjummai ta kai kasuwa.

Inna ce ta fara gaya mini. Ku tuna Yaya ɗanta ne na fari, ba ta kama sunansa, ba ta yaba shi, ba ta iya buɗe baki ta kare shi a gaban kowa. Duk abin da ba ta iya faɗa masa, ni take faɗa wa. Na same ta tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ummaru, ka ji abin da anka ce wancan ya yi?"

"Na ji wani abu a tasha, Inna."

"To kai anka kai makaranta. An ce abin da kake karantaswa ke nan, yadda ɗa ka biyo uwa da uba. Tahi ka hwaɗa musu ƙarya ta."

Na ce mata zan duba. Ta ce me zan duba, ban san wana ba ne? Na ce na san shi, amma ba halinsa za a tambaye ni ba, tsuntsu za a tambaye ni.

Gaskiya ita ce ban sani ba. A jami'a mun karanta gado a jikin wake da ƙuda da ɗan abin da ya shafi kaji, ba wanda ya ambaci tantabara. Rigimar masu kiwo ana kai ta wurin Baba Na'Allah, wani tsoho da ya fi kowa daɗewa a harkar, kuma ya riga ya aiko cewa yana son jin ta bakina. Na roƙi a ba ni lokaci. Na tafi Sakkwato na sami wani tsohon malaminmu, ya yi mini dariya sosai, sannan ya tono mini wani tsohon littafi mai 'yan shafuka a kan launin tantabara. Na zauna a ofishinsa na karanta su sau da yawa, domin ina tsoron in fahimci abin a karkace.

Ga abin da na fahimta, a taƙaice. Ruwan ɗorawa ba launi ɗaya ba ne a asali, abu biyu ne suka haɗu. Na farko ja ne, irin jan da ke iya ɓoyewa a jikin baƙin tsuntsu tsara bayan tsara ba a gan shi ba, sai ranar da ɗa ya karɓo shi daga uwa ya kuma karɓo daga uba. Na biyu wani gado ne da ke koɗar da launi, kamar yadda ruwa ke tsinka shuni. Idan ya hau baƙi sai ya mai da shi ruwan ƙasa mai duhu, idan ya hau ja sai ya mai da shi ruwan ɗorawa. Kuma 'ya'yan da suka ɗauko shi kan fito da ɗan gashi kaɗan, kusan tsirara. Da na karanta wannan layi sai da na ajiye littafin na ɗan zauna. Saboda haka baƙi da baƙa suna iya haifar ruwan ɗorawa, ko da yake ba kasafai ba, kamar ɗaya cikin goma sha shida idan duk sharuɗɗan sun cika. Amma akwai wani abu a shafi na gaba. Shi wannan gado mai koɗarwa yana tafiya ne tare da jinsi. Mace ba ta iya ɓoye shi, in tana da shi za a gani a jikinta. Ɗiya mace daga uba kaɗai take karɓa, shi kuwa ɗa namiji sai ya samu daga uwa da uba duka kafin ya bayyana a jikinsa. Macen Yaya baƙa ce wuluk. Ma'ana, duk ruwan ɗorawar da zai fito daga ƙwanta dole ya zama mace. Idan ɗan shilan nan namiji ne, ba ita ta yi ƙwan ba.

A cikin mota ina dawowa na yi ta juya abin. Zan iya faɗin rabin farko in yi shiru. Ba wanda ya san rabi na biyu a Gummi, da wuya kuma wani ya je nema. Amma na san kaina. Idan tsuntsun ya girma ya zama namiji, zan zauna da wannan sani ni kaɗai, ina kallon wana, ina kallon mutanen da na sa suka yarda. Kuma Baba Na'Allah ba lauya ya nema ba, ya nemi wanda zai gaya masa abin da aka sani. Ban tabbata wannan tunani ya isa hujja ba. Shi ne dai tunanin da na yi.

An zauna a ƙofar gidan Baba Na'Allah bayan la'asar. Aka ajiye ɗan shilan a cikin kwando a tsakiya. Ɗanjummai ya zo da man inji a hannu, bai ko wanke ba.

"Malam Ummaru," in ji tsohon, "tambaya guda ta. Baƙi da baƙa na haihuwar wanga launi?"

"Suna iyawa, Baba. Ba kullum ba, amma suna iyawa."

Ɗanjummai ya yi tsaki. "Ai ƙane na. Ko kun ce jaki na haihuwar raƙumi cewa zai yi ana iyawa."

Aka yi dariya. Na ga Yaya ya saki kafaɗa, ya gyara zama. Da na tsaya nan da taron ya watse da rinjaye a wajensa, ina jin haka. Sai na ce akwai saura. Na bayyana musu maganar jinsi, a hankali, har sau biyu. 

"Tsaya in gane," in ji Baba Na'Allah. "In namiji na, ba na Garba na ba?"

"Ba daga macensa ba, Baba. Yadda anka sa shi cikin tukunyar kuma ban sani ba."

"In kuwa mace ta?"

"To tana iya zama tashi."

"Tana iya? Ba ita ce ba ke nan?"

"Na Ɗanjummai ma suna haihuwar mata. In mace ta, ba a kore shi ba, ba a kuma kore Yaya ba."

Yaya ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga murya ba a rayuwarsa.

"Wato karatun naka na iya kama ni, amma bai iya sakina."

Haka kuwa abin yake. Baba Na'Allah ya yanke cewa ɗan shilan zai zauna a gidansa, a hannunsa, har ya nuna ko mene ne. Ɗanjummai ya yarda nan take, har ya miƙo mini hannu na ƙi karɓa, na ce akwai mai a jiki.

A gida Inna ba ta kawo mini abinci da kanta ba a ranar, ta aiko. Da safe na je gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce:

"An ce da ka yi shiru da an gama."

"Da an gama jiya, Inna. Ban san gobe ba."

"Kai dai kullum gobe. Wancan yau zai tahi kasuwa."

Ta fi ni gaskiya a wannan. Tantabara ba ta nuna jinsinta sai ta yi watanni, kuma a duk waɗannan watanni Yaya yana zuwa kasuwa. Ba wanda ya ce masa ɓarawo a fuska. Abin da ya faru ya fi haka sanyi. Manomin da ya saba ajiye buhu ya tafi sai ya riƙa tsayawa har a gama awo, yana cewa ba shi da wani uzuri yau. Wasu gidaje suka fara aika shinkafarsu wurin wani. Wani mai wasa da shi ya wuce ya ce, Garba, a auna mini tiya biyu amma kada a sa mini ƙwai a ciki. Yaya ya yi dariya tare da mutane. Matarsa ce ta gaya mini daga baya cewa ya daina cin abincin rana a kasuwa, domin in ya zauna a rumfar da suke ci hira kan tsaya.

A gidan Baba Na'Allah kuwa ɗan shilan ya zama abin kallo. Kowa da dabararsa ta gane jinsi. Wani ya ja baki ya ga ko zai ja da baya, wani ya taɓa ƙasusuwan ƙarƙashin wutsiya, wani ya rataya allura a zare a kan bayansa ya ga yadda za ta yi lilo. Rabi suka ce mace, rabi suka ce namiji, kuma na lura kowa na samun amsar da ya zo da ita daga gida. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce a jira ƙwai. Sai wani mako na sauka a tasha, tun kafin in ɗauki jakata wani ya ce mini tsuntsun ya kumbura wuya ya yi guɗa ya zagaya. Na je na gani da idona, ya yi. Na ce matan tantabara ma kan yi haka wani lokaci, musamman in an ajiye su su kaɗai. Gaskiya ce, amma ni kaina na ji yadda ta fito daga bakina kamar ta mai neman mafita. A wannan makon ban iya haɗa ido da Yaya ba, kuma zan faɗa muku dalili tun da na ce zan faɗi komai: na yi shakka. Ba shakkar ya saci ƙwai da niyya ba, amma na fara ƙirƙiro hanyoyin da ƙwan zai iya zuwa tukunyarsa, kuma mutum ba ya fara irin wannan ƙirƙira sai ya fara tsoro.

Na yi abu biyu a wannan tsakanin. Na farko na tafi Bukkuyum na nemi mutumin da ya sayar da baƙin namijin. Na same shi a gona yana ɗaurin dawa. Ban gaya masa dalilin zuwana ba sai da na gama tambaya, don kada in sa masa magana a baki. Ya ce uwar tsuntsun wata koɗaɗɗiya ce mai ruwan ƙasa, shaho ya ɗauke ta bara, kuma a cikin dangin akan sami ja jefi-jefi. Na dawo na faɗa wa Baba Na'Allah. Ɗanjummai ya ce matacciyar tantabara ba ta shaida. Abu na biyu, na roƙi Yaya ya ware baƙaƙen nan biyu a keji su kaɗai, a ƙofar gida inda kowa ke gani, su yi ta haihuwa.  Da na dawo mako na gaba na tarar ya haɗa kejin da kansa, ya sa masa kwaɗo, ya kai wa Baba Na'Allah makullin.

Suka yi ta haihuwa. Baƙi, baƙi, baƙi. Sai ja, ja sosai kamar barkono busasshe. Bayan wasu baƙaƙen kuma sai wata tsirara da ta girma ta zama ruwan ƙasa. A wurina magana ta kusa ƙarewa, domin ga abu biyun nan kowanne ya fito daban daga keji mai kwaɗo. Na tsaya a gaban masu kiwo na ce ga ja, ga mai koɗarwa, ranar da suka haɗu a ƙwai ɗaya ruwan ɗorawa za a gani.

"Ka nuna muna ja, ka nuna muna ruwan ƙasa," in ji Ɗanjummai. "Wa yac ce an sace mai ja? Ni ɗorawa nika nema."

Ban ga laifinsu ba. Mutanen da duk iliminsu na tsuntsu daga ido ya zo, na zo ina ce musu su haɗa abu biyu a ka su ga na uku.

Da damina ta kusa, tsuntsun da ke gidan Baba Na'Allah ya yi ƙwai. Mace ce. Tsohon ya aiko aka kira mu, ya nuna ƙwan, ya ce shi a wurinsa an gama, Garba ya ɗauki abarsa. Ya juyo gare ni ya ce ko ina da abin cewa. Na ce yanzu babu wani abu a jikin tsuntsuwar da ke ƙaryata Yaya, kuma abin da ya fito daga keji na goyon bayansa ƙwarai. Ɗanjummai ya ce amma ni da bakina na ce nasa ma na haihuwar mata. Na ce na faɗa, kuma har yanzu haka ne. Yaya ya ɗauki kwandon ya tafi bai jira ni ba.

Kasuwa ta dawo masa, amma ba duka ba. Wasu gidajen da suka tafi sun saba da sabon mai awo, ba su da dalilin dawowa. Yaya ya sa wa ɗakin tantabarunsa ƙofar kwano da kwaɗo, sauran masu kiwo suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, shiga ɗakin juna bayan la'asar ya ƙare a garin. Baƙaƙen nan biyu kuwa ya ce ya gaji da ganinsu a ƙofar gida. Ranar da zan koma Anka ya ɗaura kejin a bayan mota, ya ce da direba kayan Malam ne. Ni ba mai kiwo ba ne, ban san ko yadda ake ba su tsakuwa ba. Na ajiye su a bayan gidan malamai, na koya. Mahaifiyarku ta sha tambayata amfanin tsuntsayen da ba a sakinsu su tashi, ba a kuma yanka su.

Sun shekara fiye da ɗaya a wurina. Ɗaya cikin goma sha shida ba alkawari ba ne, tana iya zuwa a ƙwai na farko, tana iya ƙin zuwa har iyayen su tsufa, kuma macen ta fara tsallake lokaci. Sai wata safiya na leƙa na ga tsirara a tukunya. Ban gaya wa kowa ba, domin tana iya zama ruwan ƙasa. Na jira har bakin gashin ya fashe a fiffike. Ɗorawa ce.

Na san raunin shaidata tun kafin in hau mota. A Anka aka ƙyanƙyashe ta, ba wanda ya gani sai ni, kuma ni ƙane ne. Na kai ta wurin Baba Na'Allah a cikin kwali, na faɗi wannan da kaina kafin wani ya faɗa. Aka kira Ɗanjummai. Ya ɗauke ta, ya buɗe fiffiken, ya daɗe yana dubawa.

"A Anka akwai mai irin wagga?"

"Ban san kowa ba. Amma ban shiga kowane gida ba."

Ya yi dariya, ya dubi tsohon. "Ka ji shi ko? Ko yanzu sai ya bar ƙofa. Baba, mutumin da ya ƙi rufa ma wansa asiri a gaban jama'a ba ya tahowa da ƙarya cikin kwali. Na yarda. Ɓera ya ci ƙwaina."

Ranar kasuwa ta gaba Ɗanjummai ya sayi buhun shinkafa da ba ya bukata, ya ajiye a gaban Yaya, ya ce a auna, shi zai je ya dawo. Mutane sun gani. Wannan shi ne neman gafararsa, Yaya kuma ya auna.

Ni kuwa a yammacin da na kai ta, daga gidan tsohon na wuce gida da kwalin. Na sami Yaya a bayan gida yana watsa wa tsuntsayensa dawa. Na buɗe kwalin na gaya masa abin da Ɗanjummai ya ce. Ina jin na yi tsammanin wani abu, ban san mene ne ba. Ya leƙa, ya sa yatsa ya shafa kanta, ya ce za ta yi kyau, uwarta na da juyi mai tsabta. Na ce masa yanzu dai an tabbatar, babu sauran shakka ko kaɗan.

Mun zauna lafiya da Yaya har ya rasu. Ya yi muku huɗuba, ya riƙe gidan bayan Inna, bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai daga wannan shekara bai sake tambayata ra'ayi a kan komai ba, ko maganin ciwon kai. Abin da ya ce mini a bayan gida ranar nan shi ne iyakar abin da ya taɓa faɗa a kai. Ya ci gaba da watsa dawa, bai juyo ba.

"Ni tun ran da ta hwarkon ta hito na sani, Ummaru. Kai na ba ka sani ba."